Shekara ɗarin da aka tsallake a duniyar Forgotten Realms

Mutum biyar ne zaune a kewaye da tebur, kowa da takarda da fensir, a tsakiya ga taswira da dayis irin na ludo, sai dai wannan fuskarsa ashirin. Ɗaya daga cikinsu shi ke jan labari. Ya ce sun iso ƙofar wani gari da magariba, mai gadi ya hana su shiga. Sauran huɗun kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi: wannan zai lallashi mai gadin, wancan zai haura ganuwa. A jefa dayis, abin da ya fito shi zai nuna ko an dace. Haka ake buga Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974.

Wasan yana buƙatar duniyar da za a zauna a ciki, kuma babu wadda ta kai Forgotten Realms farin jini. Ed Greenwood, ɗan Kanada, ya fara ƙirƙirar ta tun yana yaro, kamfanin TSR kuma ya fitar da ita kasuwa a 1987. Tana da birane irin su Waterdeep da Baldur's Gate, da tsohon matsafi Elminster, da jarumi Drizzt wanda R. A. Salvatore ya fito da shi a 1988. Shekara ashirin mutane suna zuba mata tarihi a littattafai da kan teburansu.

Sai 2008 ta zo. Kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997, ya fitar da bugu na huɗu na dokokin wasan, ya kuma girgiza duniyar domin ta dace da su. A cikin labarin, Cyric ya kashe Mystra, allahiyar sihiri, a shekarar 1385 ta kalandar wannan duniya. Saƙar da ke riƙe da sihiri ta warware, shuɗiyar wuta ta bi ƙasashe tana ci. Sun kira abin Spellplague, wato annobar sihiri. Ƙasar matsafa ta Halruaa ta halaka, nahiyar Maztica ta ɓace daga taswira, wasu mutane masu kamannin dodanni suka bayyana a inda ƙasar Unther take. Daga nan aka ɗauki kalanda aka dire ta a 1479.

Wannan tsallen na kusan shekara ɗari shi ya fi yi wa tsofaffin 'yan wasa ciwo, kuma duk wanda ya taɓa zama a irin wannan tebur zai gane dalili. A ɗauki mai jan labarin da ya shekara goma yana cika littafin rubutu da sunayen mutanen wani ƙauye: mai masaukin da ke ba jarumai bashi, maƙerin da ya gyara takobin wane, yarinyar da suka ceto ta girma ta yi aure. Duk bil'adama ne, ba sa kai shekara ɗari. Da ya buɗe sabon littafi sai ya tarar kowa ya mutu, ba a ma ba shi damar yi musu jana'iza ba. Kamar a ce kaka ta zauna tatsuniya, ta sanar da jikoki cewa Ƙoƙi ta daɗe da rasuwa, gidan Gizo ma ruwa ya tafi da shi, a ci gaba daga nan. Ga kuma littattafan da aka tara da kuɗi, sun koma labarin da.

Masu goyon bayan sauyin ma suna da hujja mai ƙarfi. Tarihin ya yi yawa har sabon shiga yana jin tsoron taɓa shi, don kada wani masani a teburin ya ce ya yi kuskure. Manyan matsafa irin su Elminster sun cika ko'ina, har ɗan wasa ya riƙa tambaya: in su suna nan, ni me zan ceto? Kuma ba wannan ne karo na farko ba. A 1989, da bugu na biyu ya fito, an kashe wasu alloli a labarin domin bayyana canjin dokoki. Amma a wancan karon garuruwa da mutanensu sun tsira.

A nan ne kamfanin ya yi kuskure. Buɗe wa baƙo ƙofa abu ne mai kyau, amma an yi shi ne da rushe ɗakin masu gida. Da yawa suka ƙi bin sabuwar kalandar, wasu kuma, da ma dokokin bugu na huɗu ba su kwanta musu ba, suka koma wasan Pathfinder da kamfanin Paizo ya fitar a 2009.

Gyara ya fara a 2013 da jerin littattafai shida mai suna The Sundering. Salvatore ya buɗe shi da dawo da abokan Drizzt da suka mutu, Greenwood ya rufe shi a 2014, shekarar da bugu na biyar ya fito. Mystra ta dawo, duniyoyin da annobar ta cakuɗa suka rabu, ƙasashe da dama suka koma mazauninsu. Kalandar dai ba a mayar da ita baya ba: wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3, da ya fito a 2023, labarinsa a 1492 yake. Mutanen nan masu kamannin dodanni ma sun zauna daram, kuma yau akwai 'yan wasan da su ne jarumansu na farko, ba za su yarda a taɓa su ba.