Me Ke Kashe Tsiron Tumatir A Wurin Reno?

Manomi, kafin ka ruga sayen magani, tsoma yatsa cikin ƙasar da ka yi reno. Idan kullum jiƙe take sharkaf, ruwa ya yi yawa. Saiwa ba ta samun iska, gindin tsiro ya yi baƙi ya sirance, ka wayi gari ya kwanta. Wanda ya kwanta ba ya tashi, cire shi har da ƙasarsa, ka mayar da ban ruwa safiya kawai.

Tsiron da ya yi tsawo siriri yana karkata wajen ƙofa, rana yake nema. Taki kuwa, bari sai ganye mai yatsu ya fito, kuma ka tsarma shi da ruwa sosai, in ba haka ba bakin ganyen zai ƙone.