Malaman Zango da Haƙƙin Waɗanda Suka Bari a Gida

Maganarmu ta yau a kan malamin da ya bar garinsu ce, ya tafi wata ƙasa yana koya wa 'ya'yan mutane karatu saboda Allah, ba da albashi ba.

Wannan al'ada ta daɗe. Tun zamanin da ayari ke tashi daga Kano da jakuna, a bi ta Yawuri da Bargu, a sauka Salaga ta ƙasar Gwanja garin sayen goro, da wuya a tashi ba malami a ciki. Shi ke limanci, shi ke rubuta wa madugu wasiƙa. In an sauka zango ya ga yara na yawo ba allo, sai ya rataye gafakarsa ya zauna, ayari ya komo ba shi.

Mafi shahara cikinsu shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, Allah ya jiƙansa. An haife shi a Kano wajen 1858, ya zauna Salaga, bayan yaƙin basasar da ya watsa garin a 1892 ya ƙare a Kete Karaci. Can ya yi ta karantarwa yana wallafa waƙoƙi da Larabci da Hausa har ya rasu a 1934. Almajiransa suka bazu cikin zangunan ƙasar da ake kira Gana yanzu.

To, ladan wannan aiki ba mai musunsa. Amma abincin irin wannan malami kuɗin Laraba ne, da sadakar sauka, da abin da maigidan da ya saukar da shi ya miƙo. Abin da bai ishi baki ɗaya ba, yaya zai kai Bici? A nan kuwa ƙasarmu cike take da jama'a, gona ƙarama ce, ba ta ba da gero da dawa sai an kai mata taki kowace shekara. Wanda ya yi damina uku bai zo ba, zai tarar an ba da gonarsa aro, iyaka ta matsa, tsohuwarsa na cin na maƙwabta. Mai ci-rani dai yakan komo da ruwan fari. Malamin zango ba shi da wannan wa'adi, gama iyayen yara ba sa son ya motsa.

Shari'a ba ta yi shiru ba. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala, matar da mijinta ya ɓace ba labari takan kai ƙara, a bincika, a yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba. In kuwa bai bar mata ci da sha ba, alƙali ba ya sa ta jiran wannan tsawo. Abin mamaki, mai biya wa almajirai wannan babi da hantsi wani lokaci shi ne wanda ake cigiya a gida.

Zaman baƙunci kuma ba shi da tabbas. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardar izini mako 2 su fita. Mutane da yawa suka kwaso iyali suka nufo Arewa, waɗanda suka riƙa zuwa gida suka sami ɗaki a share, waɗanda suka yanke zumunci suka tsaya ƙofar gidan ubansu suna bayanin ko su wane ne. Ita kanta gwamnatin Nijeriya, da ta fara aika malaman makaranta da likitoci taimako ƙasashen waje a 1987, shekara 2 ta yanka wa kowa ya komo.

Yanzu tafiyar da jakuna ke yi wata da watanni mota na yinta cikin 'yan kwanaki, ta Legas da Kwatano da Lome, kuma yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ɗauke wa matafiyi neman biza. Wayar hannu tana kawo murya, amma ba ta gyara katangar da damina ta rusa.

Wanda ya tashi zuwa, ya zo da 'ya'yan da ya haifa a can. Za a yi musu dariya kwana biyu, don Hausar zango ba ta rarrabe namiji da mace, yaro ya dubi kakarsa ya ce "ya zo". A bar su su yi damina guda, su riƙe fartanya, a nuna musu iyakar gonar kakansu.