Ko Kun Sani? Jirgin Saman da Ke Sauka Kafin Minti Biyu

Zirga-zirgar jirgin fasinja mafi gajarta a duniya tana tsakanin tsibirin Westray da na Papa Westray ne, a tsibiran Orkney na arewacin Sukotland. Tazarar filayen jirgin biyu kilomita 2.7 ce kacal, ko tsawon titin saukar jirage na manyan filayen duniya ba ta kai ba. Tun 1967 kamfanin Loganair ke wannan jigila, da ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum takwas. Tafiyar kan ci minti ɗaya zuwa biyu, gwargwadon yadda iska ta kaɗa, kuma an taɓa yin ta cikin daƙiƙa 53. Mazauna Papa Westray ba su kai ɗari ba.