Gayya da Roro: Rabon Jama'a a Gonakin Belel

A ƙasar Belel, kudu da Mubi, dab da iyakar Kamaru, kowace gona tana da mai ita, amma al'ada ba ta bar masa ita shi kaɗai ba. Idan damina ta kankama, ciyawa ta fi ƙarfin mutum da iyalinsa, sai ya sa ranar gayya, wadda masu jin Fulatanci a yankin ke kira surga. Maƙwabta da surukai su fito da fartanyu tun sassafe, su jera a kunya ɗaya, shi kuma nauyin kunu da tuwo da goro na kansa. Ba a biyan kowa ko kwabo. Abin da ya hau kan mai gona shi ne ya fito ran da aka kira tasu. Da kaka kuma mata ke shiga tsinkar wake da tsigar gyaɗa, sau da yawa a sallame su da wani kaso na abin da hannunsu ya tara. Bayan an kwashe amfani, gonar ta zama ta masu roro, tsofaffi da yara da matan da mazansu suka rasu, su bi saura suna tono gyaɗar da ta maƙale a ƙasa. Ɗinya da kanya da magaryar da suka zubo a gindin bishiya kuwa, ba a saba korar yaro a kansu ba.

Wannan tsari hanya ce ta raba asara da riba, kuma kuskure ne a ɗauke shi kara kawai. Manomin da ya ɗauki 'yan ƙodago dole ya biya su a watan Yuli ko Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, don haka yakan ci bashin da zai biya da buhu a kaka, a farashin da mai kuɗi ya yanka. Bashin gayya da gumi ake biyansa, kuma gumi ba ya hauhawa idan naira ta faɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin hayar tarakta da na dakon taki suka tashi, darajar wannan bambanci ta ƙara fitowa. Abin lura shi ne masu arziki a wasu ƙasashe sun koma neman irin wannan alaƙa da kuɗinsu. A Amurka, tun 1986 aka fara gonakin da mutanen gari ke biyan manomi kafin shuka, su karɓi rabonsu mako-mako, shekara ta yi kyau ko ta ɓaci, wasu ma su zo da yaransu su tsinki 'ya'yan itace da kansu. Abin da suke saya shi ne sanin juna da manomi, wanda mutumin Belel ya gada.

Masu suka suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa noman gayya ba ya kyau, samari na tseren kai ƙarshen kunya suna binne ciyawa da ranta, ga maganin feshi ya rage buƙatar hannu da yawa. Gaskiya ne feshi ya ci rabin aikin noma, amma bai tsinke wake ba, bai tsige gyaɗa ba, kuma waɗannan ayyuka ba sa jira: wake ya bushe ya fashe, gyaɗa ta daɗe ta tsiro ko ta ruɓe, ga shanu na matsowa neman harawa. A makonnin nan hannun jama'a ya fi kowace na'ura da ƙaramin manomi zai iya saya. Aikin ganin ido kuma maganinsa na cikin al'adar kanta, domin wanda ya yi wa ɗan'uwansa ha'inci yau, gonarsa ce za a shiga jibi.

Sukar da ta fi nauyi ita ce gayya ta fi yi wa mai hali rana. Shi ke iya yanka akuya ya kira makaɗa, mutane su cika gonarsa a ranar da ta fi dacewa, talaka ya samu layi bayan ciyawa ta gama ɓarna. Wannan aibi ne na gaske, kuma ba a rufe shi da kirarin zumunci. Sai dai idan aka rushe gayya saboda shi, mai hali ba zai rasa komai ba, kuɗinsa zai kawo masa ma'aikata daga ko'ina. Wanda zai rasa shi ne dattijon da 'ya'yansa suka tafi Yola, da matar da ke riƙe da marayu. Yankin da ya ga yadda Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014, tsakiyar kaka, mutane suka gudu suka bar amfani a gona, ya san gidaje irin waɗannan ba kaɗan ba ne. Gyaran da ake buƙata mai sauƙi ne: masu unguwanni da sarakunan noma su tsara ranakun tun farkon damina, a fara da gonakin marasa ƙarfi, a kuma hana sakin dabbobi cikin saura sai masu roro sun gama bi.