Motar Lantarki a Kan Tsauni: Numfashi, Hawa da Gangara

A jihar Kolorado ta ƙasar Amurka akwai wani tsauni mai suna Pikes Peak, wanda tun shekarar 1916 ake tseren motoci a kansa. Hanyar tseren kilomita 20 ce, mai kwana 156. Tana farawa daga tsayin mita 2,862 bisa teku, ta ƙare a mita 4,302. A watan Yuni na 2018 wani Bafaranshe, Romain Dumas, ya haye ta cikin minti 7 da daƙiƙa 57, da motar Volkswagen I.D. R mai aiki da lantarki zalla. Kafin wannan rana babu motar da ta taɓa gama tseren a ƙasa da minti 8. Me ya ba lantarki galaba a kan fetur a wannan wuri? Amsar tana cikin darasin numfashi.

Injin da ke numfashi

Ƙwayoyin jikin ɗan Adam suna ƙona sukari da iskar oksijin domin samun makamashi. Haka injin mota yake ƙona fetur, kuma kowane kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Ke nan injin fetur numfashi yake yi, kamar mai tuƙa shi.

A kan tsauni oksijin yana nan kashi 21 cikin ɗari na iska, kamar yadda yake a ƙasa, amma iskar kanta ta yi shara-shara. A ƙololuwar Pikes Peak nauyin iska bai wuce kimanin kashi 60 cikin ɗari na wanda ke bakin teku ba. Saboda haka kowane shaƙa ɗaya oksijin kaɗan yake kaiwa huhu. Mutum sai ya riƙa haki, zuciyarsa na bugawa da sauri, wani lokaci har da ciwon kai da jiri. Dalili ke nan da ya sa direbobin tseren da yawa ke tafiya da tulun oksijin. Injin fetur da ba a sa masa na'urar tura iska ba shi ma kasala yake yi, domin yakan rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da ya hau.

Injin lantarki kuwa ba ya ƙona komai. Wutar da ke fitowa daga batir ce ke haifar da maganaɗisu, shi kuma ya juya ƙafafun mota. Da ƙarfin da ya tashi a gindin tsauni, da shi zai isa ƙololuwa.

Kuɗin hawa

Sai dai hawa ba kyauta ba ne. Ɗalibin fiziks ya san cewa makamashin ɗaga abu shi ne nauyinsa sau 9.8 sau tsayin da aka ɗaga shi. Motar iyali mai kilo 2,000 da ta hau mita 1,440, wato tazarar da ke tsakanin farkon hanyar tseren da ƙarshenta, tana buƙatar kimanin jul miliyan 28, ko kilowat-awa 7.8. Idan batirinta mai kilowat-awa 60 ne, hawan kaɗai ya ci kashi 13 cikin ɗari, ban da abin da tafiyar kanta ta ci. Matafiyin da bai san wannan lissafi ba hankalinsa zai tashi idan ya ga ma'aunin batir yana zubewa.

Ga kuma sanyi. A kowace mita 1,000 da aka hau, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6.5. Kamar yadda sanyi ke sa ƙadangare ya kasa zabura da sassafe, haka yake rage saurin aikin sinadaran da ke cikin batirin litiyom. Bugu da ƙari, na'urar ɗumama cikin mota daga batirin take ci, alhali motar fetur da zafin injinta take ɗumama fasinja.

Ribar gangara

A gangara ne rayuka suka fi shiga haɗari. Makamashi ba ya ɓacewa, sauya kama yake yi. Jul miliyan 28 ɗin nan da mota ta tara a hawa dole su fita a sauka. A motar fetur birki ne ke mayar da yawancinsu zafi, kuma idan direba ya daɗe yana taka shi, sai ya yi zafi har ya daina kamawa. Direbobin da ke bin Hawan Kibo a jihar Filato sun san wannan masifa. A hanyar Pikes Peak ma akwai wani zango, Glen Cove, inda ma'aikata ke auna zafin birkin masu saukowa, wanda nasa ya yi zafi a sa shi ya tsaya ya huce.

Motar lantarki tana da wata mafita. Da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur, sai ƙafafun mota su koma su ne ke juya injin, injin ya zama janareta, ya riƙa mayar da wuta cikin batir, kuma wannan aiki shi ke riƙe motar. Duk wanda ya tuƙa keke mai dainamo ya san feda na ƙara nauyi idan aka kunna fitila. Ba duka makamashin ke dawowa ba, domin iska da gugar taya da zafin wayoyi suna cin rabonsu, amma kaso mai tsoka yana komawa. A ƙasar Suwizalan, a 2018, an fara aiki da wata babbar tifa ta lantarki mai suna eDumper, wadda ke hawa wurin fasa dutse ba kaya, ta sauko da tan 65, tana cajin batirinta da nauyin kayan.

Amma akwai sharaɗi. Tulun da ya cika ba ya karɓar ruwa. Batirin da aka cika maƙil a saman tsauni ba shi da wurin zuba wutar gangara, haka ma wanda ya yi sanyi ƙwarai ba ya karɓa da sauri. A irin wannan hali motar takan rage wannan riƙo da kanta, nauyi duka ya koma kan birki, ga shi motar lantarki ta fi takwararta ta fetur nauyi saboda batir. Don haka matafiyi mai lura yakan cika batir a gindin tsauni, ya bar masa sarari idan zai sauko.

Malamin da ke son ɗalibansa su ga wannan da idonsu ba ya buƙatar mota. Ya samo keke mai dainamo, ya kifa shi, ɗalibi ya juya taya da hannu, a ƙidaya daƙiƙun da za ta yi kafin ta tsaya, sau ɗaya da ƙwan fitila a haɗe, sau ɗaya an cire wayarsa, dainamon na jingine da tayar a duka biyun. Bambancin da aka samu shi ne motsin da ya koma wuta.