Yaɓen da itace ke yi wa kansa

Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar katangar ƙasa ta zube a Gaya ko Ajingi ya san yaɓe ne bisa yaɓe. Shekarar da rumbu ya cika, maigida kan sa a kwaɓa ƙasa sosai a yi mai kauri. Shekarar da aka sha wuya kuwa, sai a ɗan shafa, ko a ƙyale sai baɗi.

Haka itace ke yi. Kowace damina yana ƙara zobe ɗaya a ƙarƙashin ɓawonsa, rani ya zo ya tsayar da girman. In ruwa ya wadata zoben ya yi faɗi, in an yi fari ya fito siriri. Masassaƙin turmi yana ganin layukan nan kullum.

A. E. Douglass ne ya mai da ƙirgarsu ilimi, ya kafa ɗakin bincikensu a Jami'ar Arizona ta Amurka a 1937. An daɗe ana zaton itatuwan ƙasashe masu zafi ba su da zoben shekara, tunda ba sa ganin ƙanƙara. Ashe dogon rani ma ya isa. A tsaunukan Habasha an bi zoben tsofaffin itatuwa an gano yadda ruwan sama ya kasance kafin a fara auna shi.

Aikin yana da tarko. In ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina sannan ya dawo, itace na iya yin zobe biyu a shekara ɗaya. Gawo kuma nasa daban ne, da damina yake zubar da ganye. Shi ya sa ba a yarda da shaidar itace ɗaya, sai an gwama da yawa.

Yunwar 1913 zuwa 1914 da farin 1973 da na 1984 suna rubuce. Waɗanda suka gabace su fa? Wataƙila suna cikin maɗacin da ake sarewa yau don gawayi, kuma wannan asara tana damuna. Ba sai an kayar da itace ba, da siririn ƙarfe ake zaro ɗan tsinke daga cikinsa. Malaman Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil, ga Gaya nan kusa da ku, ku riga masu gatari zuwa.