Uwa Na Aiki, 'Ya Ta Yi Tsit: Wata Matsalar Kwamfuta

A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara, mutanen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun san dalilin rashin intanet. To, amma akwai wata katsewar da ke ɗaure wa ma'aikata da ɗalibai kai, alhali kuwa layi lafiya lau yake.

Ɗalibi yakan girka kwamfutar gwaji a cikin tasa da manhajar VirtualBox. Da zarar ya kunna VPN, sai uwar ta ci gaba da aiki, 'yar kuwa ta yi tsit.

Dalili shi ne, VPN kan karkatar da hanyar saƙonni, ta kuma sauya DNS, watau mai fassara sunayen shafuka zuwa lambobi. Ita kuwa 'yar tana nan tana tambayar tsohon.

Maganin shi ne a mayar da haɗinta kan NAT domin ta bi sawun uwar, sa'an nan a sake tayar da ita. Idan lamba ta amsa amma suna ya ƙi, a sa ta yi amfani da DNS na uwar. Kada dai ma'aikaci ya kashe VPN na ofis don gaggawa, domin ita ke tsare sirrin takardun aiki.